Wasannin Jentoft

Skarvik, 20 ga Satumba, 1987

Zuwa ga Rannveig, jikar 'yar'uwata Borghild,

Ina gaishe ki daga nan arewa, da fatan ke da mijinki da yaron kuna lafiya. Ni dai ga ni nan. Ƙafafu sun ƙi, idon hagu ya tafi hutu bai dawo ba, amma hannun dama yana riƙe alƙalami in na lallashe shi. Oddny, matar da hukuma ke turowa ta duba ni Litinin da Alhamis, ita ta kawo mini wasiƙarki. Ta ce, "Eilif, wace budurwa ce ta rasa aikin yi a Stavanger?" Na ce mata ta ji da tsintsiyarta. Rabon da wani ya rubuto mini da hannunsa tun rasuwar kakarki, shekara shida ke nan, kuma a wurin jana'izarta na yi miki ganin ƙarshe.

Kin ce ɗanki Sindre ya shekara biyu da wata huɗu bai ce ko "mama" ba, har nas ɗin da ke awon yara ta tambaye ki ko an taɓa samun haka a dangi. Kin tuna kakarki ta taɓa ambaton wani ƙanenmu Jentoft da bakinsa ya yi nauyi, ni kuma kaɗai na rage a gidan nan da za a tambaya.

Haka ne, Jentoft bai yi magana da wuri ba. Amma ya girma, ya zama kafinta a kudu, teburin da nake rubutu a kai ma aikinsa ne. Mu mutanen Skarvik dama ba a san mu da surutu ba. Babanmu yakan fita kamun kifi da mutum biyar, su yini a teku, abin da aka faɗa a jirgin bai wuce "ja" da "saki" ba. A nan yaro mai shiru yabonsa ake yi.

Kin tambaye ni abin da za ki riƙa yi da shi a gida, tunda mijinki Kjell-Arne yana can rijiyar mai a teku sati biyu a jere. Ban haifi ɗa ba, amma ni na yi rainon Jentoft, ga abin da na tuna.

Ki samo gwangwanin maɓallai, kowane gida yana da shi. Ki zube su a tebur, ki ware baƙaƙe gefe guda, farare gefe guda, yana kallo. Kada ki yi masa bayani, ki yi kawai, zai kama. Ki dai kula da bakinsa. In ya iya wannan, ku koma dankali, manya a bokiti, ƙanana a kwano.

In abinci ya nuna, kada ki tsaya ƙwala masa kira. Ki buga ƙafa sau biyu a daɓen katako, kullum sau biyu, sai ki nuna masa cokali.

In za ki yi masa waƙa, ki ɗora shi a cinya, ki juya fuskarki wajen taga inda haske zai faɗo mata, ki ɗora tafin hannunsa a maƙogwaronki. Ki kunna kyandir ku riƙa hurawa tare, daga kusa, sannan daga nesa.

Abu guda kuma, 'yata. Kada ki yi garajen kai shi wurin likitoci. Da zarar sun rubuta sunan yaro a littafinsu, ya zama nasu. Na san abin da nake faɗa.

Na cire tarho bara, tunda ba mai kira, don haka sai dai wasiƙa.

Kawunki, Eilif


Stavanger, 18 ga Oktoba, 1987

Kawu Eilif,

Muna lafiya, sai murar da ta zagaye gidan ta fita. Allah ya ƙara wa ƙafafun nan sauƙi. Ka gaida Oddny, ka ce mata budurwar tana da miji da ɗa da tulin wanki.

Kawu, kai boka ne? Ranar farko da na zube maɓallan, kafin in gama ware nawa ya ture hannuna ya karɓe aikin. Yanzu har masu rami biyu da masu rami huɗu yake rabawa, abin da ban koya masa ba. Kyandir kuwa mun cinye kwali guda.

Amma buga ƙafar nan ita ce abin mamaki. Yaron da zan kira sau goma daga kicin ko gezau, yanzu ina buga ƙasa sau biyu sai ga shi da gudu daga ɗaya ɗakin, da cokalinsa a hannu. Da Kjell-Arne ya dawo ya gani, sai ya ce, "To, ashe ɗan arewa na haifa, sai an buga masa ƙasa kamar doki." Na ce, "Kai da ake kira sau ashirin ka fitar da shara fa?" Da yamma Sindre yakan kama hannuna da kansa ya hau cinyata, ya ɗora tafinsa a wuyana, ya zuba mini ido sai na yi waƙa. In na kai wurin da murya ke yin ƙasa, sai ya ƙyalƙyale da dariya. Na yi kuka ranar farko, ba zan ɓoye maka ba. Wata shida ina ganin kamar ɗana ba ya sona.

Na koma wurin nas. Ta ce ta samo mana rana a Nuwamba a babban asibiti, a duba kunnensa. Na tuna mata cewa ita da kanta ta kaɗa masa 'yan ƙararrawa yana wata takwas, ya juya hagu ya juya dama. Ta ce haka ne, amma ko akwai mai matsalar kunne a dangi? Na ce babu, na tambayi babbanmu, nauyin baki ne kawai, kuma mai shi ya girma ya zama kafinta. Sai ta ce to a bar wa wani yaro ranar, mu sake duba shi in ƙanƙara ta narke. Ka sauke mini dutse daga ƙirji.

Ka turo wasu wasannin. Mun gama da dankalin gidan nan.

'Yarka, Rannveig


Skarvik, 15 ga Nuwamba, 1987

Rannveig,

Na gode da wasiƙa da hoton. Goshin Borghild ne da shi. Lafiya da sauƙi, sai tari da ya sauka mini a ƙirji tun da rana ta fara gajarta. Sati mai zuwa za ta daina fitowa gaba ɗaya, kamar yadda take mana kowace shekara a nan arewa.

Ki yi haƙuri da jinkiri. Sau biyu ina rubuta miki wasiƙa ina jefawa a murhu. Oddny ta kama ni a ta biyun, ta ce, "Tsoho, in itace ne ya ƙare ka faɗa, ba sai ka ƙona takarda ba." Na ce rubutun ne bai yi kyau ba.

Na karanta wurin da kika ce yana zuwa in kin buga ƙasa, amma ba ya zuwa in kin kira. Na karanta shi sau da yawa. Jentoft ma haka yake.

Ga ƙarin wasanni. Ki tara safa bayan wanki, ya nemo wa kowace 'yar'uwarta. Ki ɓoye cokali a ƙarƙashin ɗaya daga kofuna uku, ki juya su a hankali. Ki ba shi ƙullin fulawa ranar da kike gasa burodi, ya yi nasa ɗan ƙarami, a gasa masa, ya ci abinsa.

Akwai kuma wannan. Ranar da ya zauna a kan kafet ya ba ki baya, ki tsaya cik kada ki motsa ƙafa, ki buga murfin tukunya da cokali. Ki rubuto mini abin da ya yi. Kada ki manta da wannan, ko da kin bar sauran.

Maganar asibiti kuwa, ke ce uwa. Ban ce ki fasa ba. Ban kuma ce ki je ba. Ban san abin da na ce ba, 'yata, tsufa ne.

Eilif


Stavanger, 14 ga Janairu, 1988

Kawu,

Ina fatan tarin ya sake ka. Mun aika maka kati da busasshen 'ya'yan itace a Kirsimeti, ba mu ji daga gare ka ba. In maganar asibiti ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini, amma ka amsa wannan.

Jiya Laraba da sha biyun rana aka gwada jiniyar gari, kamar yadda ake yi kowace Janairu. Muna filin wasa a ƙarƙashin sandar da take kai. Yara shida ne a wurin. Biyar suka toshe kunne, biyu daga cikinsu suka fashe da kuka suka ruga wurin iyayensu. Sindre yana durƙushe yana cika bokitinsa da ƙanƙara. Ya cika, ya daddanna, ya kife, ya ɗago yana mini murmushi in ga ginin da ya yi. Wata mata da ke gefena ta dube shi, ta dube ni, ta kau da kai.

Wasan murfin tukunya da ka turo, na yi shi tun a Nuwamba. Bai ko waiga ba, sai na ce wannan bai burge shi ba, muka koma kan safa. Na ma manta in faɗa maka. Jiya da muka dawo gida na sake yi, da babbar tukunya, har maƙwabciya ta buga bango.

Kawu, wancan ba wasa ba ne, ko?

Na kira nas. Ta ce tunda mun bar ranarmu, sai mu koma ƙarshen layi, sai ashirin ga Afrilu. Ta sake tambaya ta ko na tabbata babu kowa a dangi, domin in akwai za ta iya sa mu gaba. Na ce abin da na sani ke nan. Kjell-Arne yana teku, ban faɗa masa ba tukuna.

Ka gaya mini gaskiyar Jentoft. Ina jiranka.

Rannveig


Skarvik, 22 ga Maris, 1988

Rannveig,

Shekaranjiya aka dawo da ni gida. Tun kafin Kirsimeti ciwon huhu ya kayar da ni, aka tsallaka da ni asibiti, na yi wata uku a can. Oddny ta tara mini wasiƙu a kwando, ba ta san akwai ta gaggawa ba. Yau na buɗe taki. Sati goma tana kwance a ƙarƙashin takardun coci.

Ba wasa ba ne. Jentoft kurma ne.

Yana jariri yana ji. Innarmu ta ce in ta kira shi daga bakin ƙofa yakan juyo. Jin ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, ba wanda ya lura, domin a gidanmu ba a cika magana ba balle a gane wanda ba ya amsawa. Kafin ya shekara huɗu babu saura. Na girme shi da shekara uku, gado ɗaya muke kwana. Duk wasannin da na turo miki ni da shi muka ƙirƙiro su, domin su ne waɗanda ba sa bukatar kunne. Shi ya sa ɗanki ya kama su da sauri. Da na karanta wasiƙarki ta Oktoba na gane, tun a layin buga ƙafa. Na kuma ga inda kika ce wa nas babu kowa, da sunana kika faɗa. Na sani, na yi shiru.

Ga dalili, ko da ba zai amfane ki ba. Yana shekara bakwai fasto ya rubuta wa hukuma sunansa. Wata safiya a kaka ta 1917 wani mutum mai baƙar hula ya sauko daga jirgin ruwa da takarda. Ba wanda ya iya gaya wa Jentoft inda za shi, ba mu da alamar hannu ta wannan. Ni aka sa na riƙe masa hannu zuwa mashigar jirgi, domin ni kaɗai yake bi. Ya ɗauka yawo za mu. Da mutumin ya ɗauke shi, ya riƙe rigata har aljihun ya yage ya tafi da shi.

Shekara takwas ya yi a makarantar kurame, kwana uku a jirgi daga nan. A can in yaro ya yi magana da hannu, dukan hannun ake yi. Suka koya masa fitar da murya. Da ya zo hutu ya gwada ta a shagon gari, mutane suka yi dariya, bai ƙara ba. Babanmu ya ce a gidan nan ba kurma, akwai yaro mai nauyin baki da ke karatu a kudu. Haka muka riƙa faɗa, har Borghild ta faɗa miki haka, har ni ma na faɗa miki. Jentoft ya rasu a 1961 a ɗakin haya. Teburin nan ta jirgi ya aiko shi, bai zo da kansa ba.

Da kika rubuto, ban ga nas ba, mai baƙar hular na gani. Na ce in na ja bakina, yaron zai ƙara shekara ko biyu a cinyar uwarsa. A asibiti na tambayi wata ƙaramar likita, kamar da wasa, ko har yanzu ana kwashe kurame. Ta ce, "Baba, a wane ƙarni ka tsaya? Yanzu na'ura ake sa musu a kunne, kuma gwargwadon saurin da aka yi, gwargwadon abin da ake cetowa." Na juya fuskata bango.

Ki kai wa nas wannan takardar yau, ta karanta da idonta.

A baya na zana miki alamun hannu da muke yi da Jentoft. Sha ɗaya na tuna: ci, ruwa, inna, jirgi, sanyi, zo, bari, ciwo, kifi, sunansa, sunana. Ko za su yi wa Sindre amfani kafin a samu na kirki.

Ban ce ki yafe mini ba.

Eilif


Stavanger, 8 ga Mayu, 1988

Kawu Eilif,

Na ji ka yi jinya. Allah ya ƙara lafiya.

Wasiƙarka ta iso ana hutun Ista, ofis a rufe. Ba ta rage mana ko kwana ɗaya ba. Mun je ranar ashirin ga Afrilu.

Kunnen hagu babu komai. Na dama akwai ɗan saura, can ƙasa, irin ƙarar babbar mota. Likitan ya ce irin wannan tafiya yake yi a hankali, kuma a Satumba lallai akwai fiye da haka. Na ce nawa? Ya ce ba wanda zai iya sani yanzu. Na ce da an sa masa na'urar a lokacin, da ya kama kalmomi? Ya ce wataƙila kaɗan, kuma yaron da ya taɓa riƙe kalma ba ɗaya yake da wanda bai taɓa ba. An sa masa na'urar. Cire ta yake yi ya jefa a gwangwanin maɓallai.

Ba wanda zai ɗauke shi. Wata malama ce take zuwa gida kowace Talata tana koya mana maganar hannu, mu uku. Jiya ya cika shekara uku, kalmarsa huɗu da hannu. Malamar ta ga yadda yake kallon fuska, da yadda yake ware kaya, ta ce, "Wa ya koya muku waɗannan? Wanda ya tsara su ya san kurma sosai." Kjell-Arne ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da ta tafi. Ya ce in ka sake rubutowa kada in karanta a gabansa.

Zane-zanen da ka yi ban gane su ba, layukan sun hau juna. Na nuna wa malamar. Ta ce biyun da ta iya ganewa ba sa cikin yaren kurame, na gida ne kawai, kada mu haɗa masa su ya ruɗe. Don haka kada ka wahalar da hannunka.

Mun yi niyyar kawo maka shi a Yuli. Ba za mu zo ba bana. Na karanta labarin aljihun rigar, na yi kuka saboda yaran nan biyu. Amma ni tambaya ɗaya na yi maka, Kawu, kuma kai kaɗai ne a duniya ka san amsar.

Rannveig


Skarvik, 5 ga Yuni, 1988

Rannveig,

Ina gaishe ku. Ina tashi, ina zama, ina kaiwa taga. Likita ya ce huhun ba zai koma yadda yake ba, ana maganar a kai ni gidan tsofaffi a tsallake kafin sanyi. Ban yi musu gardama ba.

Duk abin da kika faɗa daidai ne. Mijinki ma yana da gaskiya. Ki karanta wannan a inda ba zai gani ba, ba zan ƙara wata ba sai in ke kika nema.

Kalma huɗu. Na so ki faɗa mini waɗanne ne, amma ba ni da bakin tambaya. Ki bi malamar a kan komai. Ku koya har ku fi shi, ke da ubansa, kada ya zama shi kaɗai ne mai yaren a teburin cin abinci. Innarmu ta rasu ba ta san alama ko ɗaya ba, ni nake tsaya musu a tsakani, kuma ni yaro ne, rabin abin da yake faɗa ƙarya nake fassara mata don kada ta yi kuka.

Alamun nan ban ga laifin malamar ba. Mutum biyu ne suka taɓa jin yaren nan, ɗaya yana ƙasa shekara ashirin da bakwai. Nakan maimaita su da safe bayan gahawa. A Maris sha ɗaya ne. Yanzu na nemi ta "sanyi" na rasa, ta "zo" kuma ban tabbata da wane hannu ake farawa ba.

Ranar Alhamis na ce wa Oddny ta ajiye bokiti ta dube ni. Na yi mata alamar sunana, yadda Jentoft yake kirana, yatsa biyu a goga a gefen kunci. Na yi sau biyu, a hankali, don wani mai rai ya gani.

Ta ce, "Ƙuda ne? Tsaya in buɗe taga."

Na ce eh, ƙuda ne.

Kawunki, Eilif